Daddawar Gwaggo a Jakar Makka

Jama'a, yau Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, ta ci amanata!

Da hantsi ina gida a Yalwawa aka aiko cewa jirginmu na alhazai yau zai tashi daga Kano, ba jibi ba. Nan da nan na haɗa jaka ɗaya. Na nannaɗe riguna uku, na ɗora haramina a sama. Tsaf!

Sai ga Gwaggo daga Kiyawa da ƙullin daddawa da man shanu, wai in kai wa ɗanta a Makka.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, babu wuri."

Ta ce, "To Alhaji, Allah ya kiyaye hanya."

Na shiga wanka na bar ta a ɗakin.

A filin jirgi mai bincike ya zuge jakar, ya toshe hanci. Daddawa! Man shanu ya narke a rigunana. Harami kuwa babu shi!

Na buga waya gida. Ko kunya babu Gwaggo ta ce, "Na cire shi. Harami ai can ma ana sayarwa. Daddawar Kiyawa fa, ina zai samu?"

Jama'a, a cikin jirgi za mu ɗaura harami. Daddawar zan ɗaura?