Shanu Nawa, Baffa?

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Safana, ƙungiyar makiyayan yankinmu ta roƙe ni in yi mata manhajar intanet ta rajistar rigakafin shanu. Cikin mako biyu na gama, ina ta hura hanci. Malamin dabbobi ya zaga ƙauyuka da wayarsa yana shigar da sunaye.

Ran Litinin aka ce motar allura za ta zo Laraba, kuma duk ƙauyen da bai fito a jeri ba, ba za ta tsaya masa ba. Na nemi makiyayan ƙauyen Zakka a manhajar, shafi ya fito fari fat. Runka ma haka. Na zagi sabis, na kashe kwamfuta na kunna har sau biyar. Sunayen kuwa suna nan cikin rumbun bayanai, da idona na gan su, amma in na aika tambaya sai ta dawo hannu rabbana. Haushi ya hana ni cin tuwo.

Talata da safe na hau babur na bi malamin zuwa Zakka, in ga yadda yake cika fom. Muka sami wani dattijo a gindin tsamiya, aka daɗe ana gaisawa.

"Baffa, shanu nawa gare ka?" in ji malamin.

"Alhamdu lillahi."

"Kamar nawa dai?" na sa baki.

"Ɗiyata, wa ka ƙirga kyautar Allah da baki?"

Malamin ya tsallake gurbin yawan shanu a fom ɗin, ko a jikinsa. Ya ce haka kowa ke amsawa, balle yanzu da ɓarayin shanu suke kasa kunne.

Sai dariya ta ƙwace mini. Ni ce na sa sharaɗin a kawo waɗanda shanunsu suka wuce sifili, shi kuwa rumbun, gurbin da ba a rubuta komai ba tsallake shi yake yi. Nan a kan tabarma na buɗe kwamfutata, na goge layin sharaɗin, na danna. Sunaye suka zubo, har da na Baffa. Na yi guɗa, daɗi ya sa na manta a gaban manya nake.

Laraba mota ta tsaya a Zakka. Garke ya cika fili, farare da jajaye, ana ta yi musu allura. Ban san lokacin da na ɗaga yatsa na fara ƙirgawa ba. Baffa ya ɗora bakin sandarsa a kan hannuna, ya sauke shi a hankali.

"Kalla kawai, ɗiyata."