Ba'amurken da Kawu Ya Sani ta Ƙofofi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana haska fim a wani gidan silima da ke kusa da Zongo a Yamai. An daɗe da rufe gidan, shi kuma tsufa ya zaunar da shi a unguwar Banifandu. Wata Asabar bayan la'asar na je gaishe shi, sai ya miƙo mini guntuwar takarda da sunan wani Bature a rubuce.

"Ɗiyata, duba mini cikin salularki ko mutumin nan yana da rai."

Na tambaye shi ko wane ne. Ya ce Ba'amurke ne mai ba da umarni a fim, wanda ya yi finafinan kaboyi tun zamanin baƙi da fari. Kawu ya haska su har faifan ya riƙa tsinkewa yana liƙawa. Wai ko an ɓoye sunan, yana gane aikinsa.

"Ta yaya, Kawu?"

"Ta ƙofofi. A fim ɗin wasu, in an buga ƙofa bango duka sai ya motsa. Tasa kuwa tana da nauyi, kuma ba ya barin mutum ya shigo ɗaki sai ya ɗan tsaya a bakinta."

Ni da nake wuni a ofis a unguwar Filato ina buga takardu, ban taɓa tunanin akwai wanda ke kallon ƙofa a fim ba. Na duba. Mutumin ya rasu tun kafin a haife ni. Kawu ya ce in ci gaba.

Na riƙa karantawa da Faransanci ina mayar masa da Hausa. Ɗan baƙin haure ne, bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Da aikin kafinta ya fara, yana gina ɗakunan da ake ɗaukar fim a ciki lokacin da fim bai fara magana ba. Kawu ya yi dariya har ya yi tari, ya ce dama ya san hannun mai aikin katako ne.

Hoton mutumin da na nuna masa ne ya ba shi mamaki. Yana zaton dogo ne mai faɗin ƙirji, sai ga ɗan guntun tsoho da tabarau. Na karanta masa cewa a ƙarshe kamfanoni sun daina kiransa, ya koma gidan ɗiyarsa yana ƙera kujeru.

"Ta kula da shi?"

Na duba shafi uku, babu wanda ya rubuta wannan. Ni kaina abin ya tsaya mini a rai.

Da aka kira magariba ya sa na yi alkawarin nemo ɗaya daga cikin finafinan. Asabar ta gaba na zo da shi, muka kalla a ƙaramin allon salula, kanmu a haɗe. Sau biyu yana sa ni in mayar baya, don a tsakiya akwai wani wuri da bai taɓa gani ba. Ashe faifan da ya iso Yamai a wancan lokacin a yanke yake.