Kakan da na ara a Sabha

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka cika Libiya har gini yake tashi ta ko'ina, na yi aikin birkila a Sabha. Ni da abokina ƙauyenmu ɗaya a Nijar. Muna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Tayuri, muna gina gidaje a unguwar Hajara.

Injiniyan da ke kanmu Bature ne ɗan Latbiya. Mu dai Barashe muke ce masa, don a lokacin ƙasarsu tana hannun Rasha, shi kuwa ba ya son jin haka. Yana da wata ɗabi'a: in an tashi cin abincin rana sai ya zauna cikinmu da ɗan littafinsa, yana tambayar kowa asalin sunansa da gurgun Larabcinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ba mu da sunan dangi. Sunanka, sai na ubanka, shi ke nan.

Ranar da aka zo kaina na gyara zama. Na ce kakana ɗan sarki ne, raƙumansa ba sa ƙirguwa, sarautar ce kawai ta kuɓuce mana. Ya rubuta, ya gyaɗa kai. Abokina yana gefe yana ta tsoma burodi a shayi abinsa, alhali ya san kakana kamar yadda ya san nasa. Tare aka kamo su suna yara, tare suka yi bauta suna kiwon dabbobin wasu.

Da aka zo kan abokin nawa sai ya ce, "Mudir," wato maigida, "ni kakana bawa ne. Sunan da aka raɗa masa ma ya ɓace. Da ya samu kansa sai ya zauna bakin wata rijiya, har ya mutu da sunan rijiyar ake kiransa."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma sai na ga Bature ya ajiye alƙalami ya riƙe hannun abokina da hannu biyu.

"Ni ma haka," in ji shi.

Ya ce kakanninsa manoma ne da ake gādonsu tare da gona, ba su da sunan dangi. Da aka 'yanta su aka ce kowane gida ya zo a rubuta masa suna. Wasu suka ɗauki sunan tsuntsu, wasu na tudu ko rafi. Nasa kakan ya ɗauki sunan bishiyar da ke ƙofar gidansa, shi suke amsawa har yau. Ya daɗe yana bin tsofaffin littattafan coci yana neman na gaban wannan kakan, amma abin ya gagara.

Daga ranar suka ɗinke. Gaban motar Bature na abokina ne. Ran Juma'a Bature ya kai shi gidansa a unguwar Sukra, su ci abinci, ya nuna masa hotunan iyayensa. Ni kuwa na samu sabon suna, "ya amir", wato yarima, da girmamawa Bature yake faɗa, ni kuma kamar ana watsa mini ruwan zafi. Kishi ya ci ni har na rame. Jikan sarki guda, yana kwaɓa siminti yana harare-harare!

Wata rana na kasa daurewa na ce wa abokina, "Kai dai ka sayar da mutuncin kakanka don gaban mota."

Ya ce, "Ni nawa na bayar, ban ari na kowa ba." Kuma bai taɓa tona ni ba.

Da Bature zai koma gida na same shi da niyyar gyara maganar. Yana ganina ya buɗe littafi, ya ce in faɗa masa sunan garin da kakana ya so ya mulka. Na ƙirƙiro wani gari na ba shi.

Yanzu 'ya'yana sun san gaskiya, ni na faɗa musu da bakina. Amma kishin bai tafi duka ba, kuma na gane ba motar ce ta dame ni ba. Kakan nan nawa ya goya ni, da hannunsa ya riƙa ba ni fura. Sau ɗaya tak wani ya zauna da alƙalami yana son ya rubuta labarinsa, ni kuwa na ba da na wani.