Sunan Kaka Baiwa

Atikatu mai sayar da koko a tashar Salaga ta haura shekara hamsin tana gaya wa 'ya'yanta cewa kakar ubanta, Baiwa, ta sami sunan ne saboda kyauta ce daga Allah. Haka aka gaya mata, ba ta kuwa taɓa tambaya ba. Abin da take iya tunawa shi ne tsohuwa mai tsage a kumatu, irin wanda babu mai shi a gidan. Kuma ko ƙishirwa za ta kashe ta, tsohuwar ba ta shan ruwan tsofaffin rijiyoyin bayan gari.

Bara Atikatu ta je Yendi duba gwaggonta Taslima da ke kwance. Suna cikin hira ta ambaci sunan, sai gwaggon ta ja tsaki.

"Ke Atikatu, har yau ba ki gane ba? Wace baiwar Allah? Baiwa ce, wadda aka saya! Daga wajen Bawku aka koro ta tana yarinya. A rijiyoyin nan na Salaga aka wanke ta kafin a kai ta kasuwa, kakanmu ya saye ta."

"To Gwaggo, mene ne sunanta na yanka?"

"Wa ya tambaye ta?"

Tun da ta dawo, duk Juma'a Atikatu tana raba koko sadaka. In malam ya nemi sunan mamaciyar don ya yi addu'a, sai ta ce, "Yi kawai, Malam. Allah ya san sunanta. Mu ne ba mu sani ba."