Mma Fusena, Mai Kai Mu Bakin Teku Ranar Hutu

Kafin motoci su cika titin Grand Concourse a Bronx, Mma Fusena ta riga ta yi sallar asuba, ta dama koko, ta ɗaure igiyar takalminta. Daga unguwar Mount Hope take hawa bas zuwa gidan tsohon da take jinya. Ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta riƙa juya shi kada kwanciya ta ji masa ciwo. Haka take yi tun da ta baro zangon Kumasi, shekara ashirin da wani abu. A watan nan ta ajiye aikin, don gwiwoyi sun gaji. Sai dai ni abin da take yi a ranakun da ba ta aiki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai zauna garin nan ba, ba zai san nauyin ranar hutu ba. Kirsimeti ta zo, shaguna a rufe, kowa ya shige cikin danginsa, kai kana ɗaki daga kai sai waya. Ta Sallah ma ta fi ciwo. A idar da Idi, a yi musabaha, jama'a su watse, ka koma ka tarar da bango.

Mma ma ta ɗanɗana. Wani tsoho da ta taɓa jinya yana son ta tura shi a keken marasa lafiya zuwa bakin ruwan tsibirin Hunter Island, can ƙarshen Bronx, inda daji ya haɗu da teku. Bayan ya rasu Babbar Sallah ta zo, 'ya'yanta suna Ghana, ba ta da gidan zuwa. Sai ta hau bas ita kaɗai. Ta bi hanyar cikin itatuwa har ta ɓulla kan duwatsu, ta shimfiɗa mayafi ta yi azahar, ta zauna tana tasbihi.

"Da kuka na je," in ji ta, "da yunwa na dawo. Na ce to, wurin nan akwai magani."

Tun daga nan duk ranar hutu sai ta tara mu, masu tasi irina, masu tebur a titi, masu jinya. Ga fulas na shayi, ga kula cike da shinkafa da wake da yajinta na Ghana. Ba ta tambayar kowa takardunsa, ba ta tambayar mai shiru dalilin shirunsa.

Ba zan manta da ranar Zalika ba, wata mai kitso a 125th Street, 'yar Maraɗi. Mahaifiyarta ta rasu gab da Kirsimeti, ita kuwa ba ta da takardu, in ta fita daga ƙasar nan ba hanyar dawowa. Ta kulle kanta, ta daina zuwa shago, ta daina ɗaga waya. Ni na kai Mma ƙofarta da safe.

"Zalika, buɗe, ni ce."

"Mma, ki yi haƙuri, ba na son ganin kowa."

"Ban ce ki ga kowa ba. Sa jaket da safa biyu, ki zo ki riƙe mini fulas. Hannuna na ciwo."

Ta fito, idanu a kumbure. A tsibirin ita ce a baya. Sanyi na yanka kunne, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Da muka isa duwatsu, Souley mai sayar da huluna ya kira salla, iska na kwashe muryarsa. Bayan sallama Mma ta juya.

"Yaya sunan Inna?"

"Ramatou."

Mma ta ce kowa ya ɗaga hannu. Muka yi wa matar da ba mu taɓa gani ba addu'a kamar uwarmu. Nan Zalika ta fashe da kuka.

"Ban wanke ta ba, Mma. Ni ce babbar ɗiyarta."

Mma ta jawo ta jikinta. "Wasu sun wanke ta, Allah ya saka musu. Naki addu'a ne, ita kuwa ba ta neman biza. Daga nan ma tana isa."

Zalika ta ci abinci ranar. Mako na zagayowa ta koma shago, yanzu kuma ita ke kawo mana dambu.

Mma, ke ce uwar waɗanda iyayensu ke bayan teku. Ke kika nuna mana cewa ƙasar Allah ba ta ƙare a filin Idin garinmu ba, duk inda muka kai goshi ƙasa yana jin mu. Babu wanda ya ɗora miki wannan aiki, babu masallacin da ya taɓa kiran sunanki a lasifika.

A Sallar da ta wuce gwiwa ta hana Mma ƙarasawa. Ta zauna a benci a bakin hanya, ta kora mu da hannu. "Ku tafi, ai kun san hanya." Muka tafi, Souley a gaba, muna ta waiwayenta.

Mun gode, Mma. Allah ya ba ki lafiya, ya haɗa ki da jikokinki, ya sa wannan tafiya a mizaninki. Ku kuma 'yan'uwa, hutu na tafe. Kowannenmu ya san wani da zai wuni shi kaɗai. Kada a tsaya ga saƙon waya. A je da ƙafa, a fito da shi.