'Yar Kagoro a Bokitin Fenti

Sakkwato

Ana kiran assalatu na gama ɗaure jakata, na ninke ɗankwalin Malama Rahila na cusa can ƙasa. Nasiru, babban ɗana, yana tsaye bakin zaure riƙe da makullin babur, fuska a murtuke.

"Inna, don icce guda za ki bi hanyar Gusau? Mutane na gudun hanyar ga, ke kina biɗar ta."

"Kai dai tada babur," na ce. "In ba ka kai ni tasha, ƙahwata na nan."

Bari in gaya muku dalili, kada ku ce Hajiya Kulu ta fara ruɗewa. Malama Rahila maƙwabciyata ce a bayan Ƙofar Dundaye, katanga ɗaya ta raba mu tun muna goyon fari. Mutuniyar Kagoro ce, koyarwa ta kawo su Sakkwato ita da mijinta, shi ya rasu ita ta zauna. A tsakar gidanta akwai wata fulawa da ta zama itace, jikinta sumul, duk damina sai ta rufe da fure mai tattara kamar bakin leshi. 'Yar Kagoro take ce mata. Da bazarar nan ɓarin jikin Malama ya shanye, tana kwance asibiti magina suka yi ta zubar da ruwan wankin siminti ta bayan katangarta. Aka sallamo ta ta tarar da ƙirare a tsaye.

Tun ranar ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Kunu sai an yi da gaske, masu gashin ƙashi kuwa sun gaji sun bari. Ɗanta Ishaya ya zo hutu daga Fatakwal, ya ce in hutunsa ya ƙare ba ta canza ba, da ita zai koma. Ban ga laifinsa ba. Amma na san Malama, in aka ɗauke ta daga gidan nan ba za ta kai baɗi ba, ni kuma ban san da wa zan riƙa faɗa ta kan katanga ba. Na zagaye masu sayar da dashe na Sakkwato kaf, babu irinta. Suka ce sai Kaduna.

Ɗankwalin kuwa shi ne ma'aunina. Shekarun baya ta sayo shi don launinsa ɗaya sak da furen, shunayya mai haske. Yadda muke kai ƙyalle kasuwa a auna zare, haka na yi niyyar auna fure.

Gusau zuwa Zariya

Bas ɗinmu ta cika gari na wayewa. Na samu gefen taga, kusa da wata mai kai kilishi Kaduna. Har Talatar Mafara ana hira, gero ya yi kai dama da hagu, gwanin sha'awa. A Gusau muka karya da ƙosai da koko a tsaye. Daga Tsafe kuwa motar ta yi tsit, kowa ya kama carbi, direba ya kashe rediyo ya taka. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, har na tuna fuskar Nasiru. Shingen jami'an tsaro ne kawai ke sa mu numfasa, su leƙo, su ce Allah ya kiyaye, mu wuce.

Da muka ga rumfunan Funtuwa mai kilishi ta saki ajiyar zuciya, ta tambaye ni ko biki za ni.

"Hulawa za ni saye," na ce.

"Ta burodi?"

"Ta shukawa."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ba ta ƙara yi mini magana ba har Zariya.

Kaduna

Na sauka wajen ɗiyar ƙanwata a Tudun Wada. Da safe ta saka ni a keke napep zuwa inda masu fulawa suka jera dashe a bakin titi, baƙaƙen ledoji layi-layi har ido ya gaji. Na farko da na tsaya wurinsa, ina buɗe baki ya yi dariya.

"Hajiya, daga Sakkwato ke nan. Me za a ba ki?"

Na kwatanta masa. Ya ce ai kirif-matil nake nufi, yana da ita iri-iri: akwai doguwa mai zama itace, akwai gajera ta bakin baranda, akwai ja, fara da ruwan hoda. Ya jawo wata leda, ganye zalla babu fure ko ɗaya. Na fito da ɗankwali.

"Wanga launi nika so."

"Ita ce, Hajiya."

Na nuna ta kusa da ita. Ya ce ita ma ita ce. Na gwada shi, na ce na fasa, fara nake so. Ya sake miƙo mini ledar farko, ko kunya babu. Nan na gane yadda sana'ar take: dashen da bai yi fure ba, duk launin da bakinka ya ambata shi ne launinsa, kafin gaskiya ta fito an shekara, kai kana Sakkwato shi yana Kaduna. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauki komai ba sai na ga furensa da idona.

Haka na wuni ina bin layi, ina kara ɗankwali a jikin duk wadda ta buɗe. Jar ta yi jini da yawa. Ruwan hodar ta kusa, amma in ka haɗa su sai ka ga ɗankwalin ya fi ta duhu. Wani ya nace in ɗauki iksora mai jajayen dunƙule, na ce na taɓa gwadawa, ƙasarmu mai farar ƙasa ce irin ta wajen Kalambaina, ganyenta rawaya yake yi ya zube. Wani ya kawo mai dogon ganye da fure kamar ƙararrawa, ya ce ba ta jin rana. Na tambaya ko akuya na iya ci, ya sosa ƙeya ya ce guba ce. Na ce to ya riƙe abarsa, unguwarmu awaki sun fi mutane yawa. Fulawar takarda mai ƙaya kaɗai na yaba, don ita ko a Dundaye tana hawa katanga ba ruwanta da zafi. Amma ba ita ta kawo ni ba.

La'asar sakaliya na zauna kan wani benci, ƙafafuna sun kumbura, takaici ya cika ni. Ina ninke ɗankwalin sai sunan ya faɗo mini. Shekara da shekaru ina jin ana cewa 'yar Kagoro, ban taɓa tsayawa na yi tunanin daga gidan wa ta fito ba. Na kira Ishaya.

"Inna Kulu, kina ina? Nasiru ya ce kin yi tafiya."

"Gidan kakanka na Kagoro, wa ad da shi yanzu?"

Ya ce kawunsa Yohanna, ƙanen Malama. Ya ce hanya da nisa, in dawo gida haka nan, ya gode.

"Ban tambaye ka nisa ba. Kwatance nika so."

Kagoro

Da sassafe na shiga motar Kafanchan ta Kachiya da Zonkwa. Ruwa ya raka mu rabin hanya. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, gonakin citta da duwatsu masu hazo a ka, har na ji sanyi ya shiga ƙashina na jawo mayafi. Daga Kafanchan ɗan acaɓa ya kai ni gindin dutsen Kagoro. Ni kaɗai ce mai hijabi a layin, na lura ana kallona, ni ma ina kallonsu, muka gaisa kowa ya kama gabansa.

Yohanna dattijo ne mai furfura, dariyarsa irin ta Malama. Ishaya ya riga ya kira shi. Matarsa Ladi ta karɓi jakata, ta kawo buta da sabuwar tabarma ta nuna mini gabas tun ban tambaya ba, sannan ta ajiye mini faten acca mai zafi. Na ci, amma idona na tsakar gida yana neman itace. Babu.

"Yaya Kulu," in ji Yohanna, yana murza hannu, "da kin zo bara. Mamanmu ce ta dasa ta, daga jikinta Rahila ta yanki reshe lokacin da za ta bi mijinta. Da za mu yi wa yaro ɗaki muka sare."

Cokalin ya tsaya a hannuna. Na yi Sakkwato zuwa nan don kututture. Hawaye suka taho, na mayar da su, na ce a nuna mini ko wurin ne in gani.

Ladi ta zagaya da ni bayan sabon ɗakin tana ba ni haƙuri, tana cewa ai itacen ma jaraba ne, an sare shi ya ƙi mutuwa, kullum sai ta sassabe 'ya'yan da yake turowa ta saiwa. Muna shan kwana na gan su, toho sun kai ƙugu sun kewaye kututturen, ɗaya a cikinsu ya ɗauko fure dunƙule guda. Na kara ɗankwalin. Ban iya gane inda ƙyalle ya ƙare fure ya fara ba.

"Ita ce," na ce. Wannan karon ni na faɗa.

Yohanna ya ɗauko fartanya da kansa. Ya haƙo mai furen da saiwarsa da ƙasar gindinsa, Ladi ta wanke wani tsohon bokitin fenti ta huda ƙasansa. Na kwana wurinsu. Da za mu rabu Yohanna ya riƙe bakin bokitin ya daɗe bai saki ba.

"Ki ce mata ƙanenta yana gaishe ta. Ki ce ta ci abinci."

Komowa

A tashar Kafanchan direba ya ce a sa bokitin a but. Na ce sai dai a sa ni tare da shi. A Kaduna wani ya ce a ɗaure a saman mota, na ce ya ɗaure kansa. Kan cinyata ya zauna tun daga can har gida, ƙafata ta mutu ta farfaɗo ban san sau nawa ba. Duk inda aka tsaya sai in sayi ruwan leda, rabi nawa rabi nata. A wani shinge bayan Funtuwa jami'i ya leƙo ya tambayi ko magani ne. Na ce masa magani ne, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Abin da ban iya hanawa ba shi ne iska. Daga Gusau zafi ya dawo, furen ya fara zuba ɗaya-ɗaya a kan zanena. Na shimfiɗa ɗankwalin ina tsince su a ciki. Kafin Talatar Mafara reshen ya zama tsirara, ganyen ya langaɓe. Na dube ta na ce, ke dai ki yi haƙuri, yayarki ma haka ta zo kuma ta zauna.

Gida

Mun shigo Sakkwato rana ta yi sanyi. Ban biya gidana ba. Na tarar da akwatuna biyu a barandar Malama, Ishaya yana ɗaure na uku. Ita tana kujerarta, fuska ga bango, kwanon kunu ya yi fata a gefenta.

Na buɗe ɗankwalin a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallo. Ta kai hannunta mai lafiya ta ɗauki fure ɗaya ta murza. Na gaya mata saƙon Yohanna. Ta juyo da kai ta ga bokitin.

Na san halin mutuniyata, ba a tada ta da lallashi. Na ɗauki fartanya na nufi gindin katanga, daidai inda ruwan simintin ya kashe ƙasa, inuwa kuma ba ta barin wurin, na fara sara da gangan. Sara na uku na ji sanda ta bugi ƙasa.

"Kulu." Muryar ta fito a karkace, amma ta fito. "Ba nan ba."

"Nan ya yi min," na ce, ban ko waiwaya ba. "Na gaji, ba ni iya neman wani wuri."

Sai na ji kujera ta yi ƙara. Ishaya ya saki igiya ya ruga, ta ture hannunsa. Ta dogara sanda tana jan ƙafa, ta ratsa tsakar gidan nan da kanta har tsakiya inda rana ke wuni, ta kafa sandar a ƙasa tana haki.

"Nan. Ke ba ki san komai ba."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na haƙa inda ta ce, ta sa aka kawo taki, ta sa Nasiru ya zagaye wurin da ƙaya saboda awaki. Da aka gama ta dubi akwatunan, ta dubi ɗanta.

"In na tafi, wa zai ba ta ruwa?"

Ishaya ya dube ni, na ɗaga kafaɗa na ce ni dai bayana ciwo yake, kada a sa rai da ni. Sai ya sunkuya ya fara kwance igiyar akwatin.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yohanna da Ladi da suka karɓe ni kamar 'yar gida. 'Yar Kagoro ta zubar da ganyenta duka a makon farko, sannan ta yi sabon toho. Fure sai baɗi in Allah ya kai mu. Kullum da safe ina jiyo jan ƙafar Malama da ƙarar butarta ta kan katanga, in na leƙa in ce ruwan ya yi yawa, sai ta ce in kula da awakina.