Ranar Da Baba Ya Danna Linki

Har yau akwai maɓallai uku a tsohon kibod ɗin shagonmu da ke maƙalewa in an danna su. Masu zuwa buga takarda sukan ce lemo wani ya zubar a kai. Ba lemo ba ne. Jinin Baba mai hoto ne, kuma ni na jawo aka zubar da shi, ko da yake ban taɓa nuna masa ko yatsa ba.

Shagon yana Nyanya, bayan tasha, irin shagunan nan da ake buga takardu, a yi fotokwafi, a cike wa mutane fom a intanet. Mu uku ne. Akwai Madam mai shagon, 'yar Binuwai, wadda ba ta zama sai dai ta leƙo ta yi faɗa ta tafi. Akwai Baba, dattijo daga Filato, mai ɗaukar hoton fasfo da wata tsohuwar kyamara da sai ya kanne ido ɗaya ya manna ɗayan a jikinta. Sai ni a kan kwamfuta. Kujerata ce kaɗai mai soso, mai juyawa, kuma duk wanda ya san Abuja ya san in ka sami kujera irin wannan da haƙori za ka riƙe ta. Masu digiri na nan ƙarƙashin gada suna tallan caja.

Madam kuwa ba ta bari in manta. Duk sanda ranta ya ɓaci sai ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, wannan aiki naka ba komai ne ba fa. Yarinyar sista na ya gama kompiyuta skul, yana zaune a gida." Ni kuma zuciya gare ni, tun ina yaro aka san ni da ita. Sai in haɗiye, in ce a raina, za mu gani.

Abin da na riƙe kujerar da shi wani ɗan lahani ne a kwamfutar. Yawancin masu zuwa wurinmu, direbobi da masu gadi da 'yan dako, ba su da imel. In za mu cike musu fom sai mu sa adireshin shago, saboda haka duk amsar da za a aiko musu cikin kwamfutata take faɗowa. Irin waɗannan saƙonni sukan zo da wani shuɗin layi da ake dannawa, wato linki, shi ne zai kai ka shafin da takardarka take. To kwamfutar nan tamu in ka danna linki a cikin imel ba ta buɗe shi da sabuwar burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da kowa ke aiki da ita. Sai ta miƙa shi ga wata tsohuwa da ta zo da ita tun daga kanti, wadda shafukan yanzu ba sa buɗuwa a cikinta. Fari fat za ka gani, ka yi ta jira. Wani linkin ba ya damuwa, sai ka sake. Amma na masu ɗaukar aiki sau ɗaya ake danna shi, in ya tafi ya tafi ke nan.

Ni ba na dannawa. Kwafo shi nake yi in manna a sabuwar burauzar, da sauri, kafaɗata ta tare allon. Tun watan da na fara aiki na san inda ake gyara abin a cikin saiti, na kuma san ko minti ɗaya ba zai ci ba. Na bar shi da gangan. Ranar da Madam ta kawo 'yar 'yar'uwar tata ta gwada, yarinyar ta danna, allo ya yi fari, ta yi ta zufa, na zo na buɗe kamar mai sihiri. Ranar har tsire na saya wa kaina. Daga nan na kafa doka a shago: kowa zai iya taɓa komai, ban da linki. A jira ni.

Akwai wata yarjejeniya tsakanina da Baba da ba mu taɓa zama mun ƙulla ta ba. Ran Juma'a in na tafi masallaci shi ke riƙe shago, ran Lahadi in ya tafi coci ni ke riƙewa. In na dawo yakan ce, "Ɗana, ka sa mu a addu'a dai ko?" In ce, "Na sa ka, Baba, sai dai ban ga alamar ta kama ka ba." Ya yi dariya har tabaransa ya zamo.

Mutumin da ya kawo mana masifar wani Bahaushe ne ɗan dako a kasuwar Zuba, mai sauke kankana da lemo daga manyan motoci. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, amma mai ladabi, in zai shigo sai ya cire takalmi a bakin ƙofa. Aikin kaki yake nema, kuma a cewarsa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun haura abin da ake ɗauka. Wani ɗan garinsu ne ya ce masa hannuna na da sa'a, shi ya sa yake keto Abuja tun daga Zuba ya zo Nyanya. Ni na cike masa fom, Baba ya ɗauke shi hoto, har yana ce masa ya saki fuska, ba yaƙi za a tura shi yau ba.

Ran wata Juma'a saƙo ya shigo 'yar wayarsa cewa an aiko takardar gayyatar jarrabawa ta imel, a buga ta kafin ƙarfe biyu a rufe shafin. Ya bar lodi, ya taho da abokan aikinsa biyu, cunkoso ya riƙe su a hanya. Ko da suka iso na riga na tafi masallaci, wayata a kashe. Abin da ya faru kafin in dawo, matar da ke sayar da katin waya a jikin shagonmu ce ta ba ni labari. Ta ce Baba ya ce a jira ni, mutumin ya nuna agogo. Baba ya ce doka ce, mutumin ya durƙusa, ƙaton nan guda, yana cewa, "Baba, don Allah, don darajar 'ya'yanka. Ga shi nan ina gani, dannawa kawai za ka yi." Baba ba ya iya ganin babba a durƙushe. Ya zauna a kujerata, ya gyara tabarau, ya danna.

Allo ya yi fari. Suka jira. Baba ya koma ya sake dannawa, sai ga layi ɗaya na Turanci, wai an riga an yi amfani da wannan linkin. Ɗan dakon ya iya karatu daidai gwargwado, ya karanta da bakinsa. A Zuba kuwa an sha gaya masa cewa masu shago irin namu suna sayar da gurbin talaka ga masu kuɗi. An riga an yi amfani da shi. Wa ya yi amfani da shi? Nan take ya gama lissafinsa.

Ina tafe da sallaya a kafaɗa na hango taro a ƙofar shago, na ji ƙarar gilashi. Na kutsa. Abin da na fara gani shi ne hannun mutumin nan a ƙeyar Baba, ya ɗaga kansa ya buga a kan kibod, ya sake ɗagawa ya sake bugawa, yana ihu, "Wa kuka sayar wa? Wa kuka sayar wa?" Tabaran ya fashe a fuskar Baba. Jini na bin tsakanin maɓallai yana ɗiga ƙasa. Baba ko kuka ba ya yi, hannayensa kawai ke lalube a kan tebur kamar mai neman wani abu da ya ɓace masa. Abokan biyu, ɗaya ya tare ƙofa, ɗaya ya ɗaga firinta ya maka da ƙasa.

Ban san sanda na yar da sallayar ba. Akwai wani injin huda takardu na ƙarfe da Baba ke haɗa littattafai da shi, mai nauyin gaske. Na sure shi da hannu biyu na sauke wa ɗan dakon a bayan kai. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya saki Baba ya juyo, jini na zubo masa ta bayan kunne, ya dube ni kamar bai gane ni ba, na ƙara masa a kafaɗa. Ba zan yi ƙarya ba, a lokacin kashe shi nake son yi, kuma daɗi na ji da ya durƙushe. Sai na ƙofar ya sakar mini benci a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke, na faɗi a kan fasassun gilasai, suka hau ni da ƙafa. Ina jin takalmi a bakina, ina jin gishirin jini, ina cizon duk abin da ya zo kusa.

'Yan tasha suka shigo da sanduna da bel, ba su tambayi wa ke da gaskiya ba, duk wanda ke tsaye suka rufe shi da duka. A waje kuma magana ta fara canza kama. Ran Juma'a ce, ana fitowa daga masallaci, ga Hausawa sun fasa wa dattijon Kirista ido. Wani na cewa an kashe fasto, wani na cewa an zagi addini. Na ji ana jan ƙofofin shaguna ana rufewa, garau garau, layi guda. Mai katin wayar nan ce ta hau kan teburinta tana ihu da iya ƙarfinta, "Ba addini ba ne o! Kompiyuta ne! Na rantse kompiyuta ne!" Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ba don ita ba da abin da za a ƙirga a Nyanya ran nan ba ido ɗaya ba ne.

'Yan sanda suka zo suka kwashi ɗan dakon da abokansa, an ɗaure masa kai da rigarsa. Aka sa Baba a keke napep zuwa asibiti, ya dafe fuska da tsumman goge kyamara. Ni aka ɗinke mini leɓe, aka ce haƙarƙari biyu sun tsage. Da Madam ta zo ta ga shagon, sai ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Malam, kai ne ka cece shi. Kuma ka faɗa masa fa kar ya taɓa, ka faɗa masa." Na bar ta ta yi ta yabona. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wani ya sha dukan.

Ran Litinin na goge kibod da auduga da fetur, na kunna kwamfutar. Na shiga saiti, na gangara inda ake zaɓa wa kowane aiki manhajar da za ta riƙa yin sa, na cire tsohuwar burauza na sa sabuwa. Dannawa uku. Ina cikin haka sai ga sabon saƙo, masu ɗaukar aikin sun sake aiko wa mutane linki saboda koke ya yi yawa, har da na ɗan dakon. Na danna shi kai tsaye, ya buɗe tar. Ga takardarsa, ga hoton da Baba ya ɗauke shi, ya ɗan saki fuska kamar yadda aka ce masa. Na buga a shagon maƙwabta na kai ofishin 'yan sanda, aka ce an riga an wuce da shi kotu. Ranar jarrabawar ta zo ta wuce yana tsare.

Idon dama ne ya tafi, wanda Baba ke mannawa a kyamara. Bayan an sallame shi na je gaishe shi a ɗakinsa, can wani lungu a hanyar Karu. Na same shi a kan tabarma, rabin fuskarsa a naɗe. Ban gama zama ba ya kamo hannuna.

"Ɗana, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ka ce kar a taɓa, na taɓa. Dubi yadda na sa aka fasa maka baki."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, an gyara abin. Yanzu kowa ya danna zai buɗe."

"To madalla. Injiniya aka kira?"

"Ni na gyara."

"Ka sha wahala ke nan. Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Ina iya cewa kwana biyu, ya sa mini albarka, in tashi in tafi. Na dubi bandejin nan na ce, "Ko minti ɗaya bai cika ba, Baba."

Idon da ya rage ya tsaya a kaina, yana kallona yadda yake kallon mutum kafin ya ɗauke shi hoto.

"Tun yaushe ka iya?"

"Tun watan da na fara aiki."

Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya gyara zama, ya juyo mini da gefen fuskar da aka naɗe. Na yi ta magana, na ce Madam ce, na ce tsoro ne, na ce ya yafe mini. Har na gaji na tashi bai juyo da ɗaya gefen ba.

Bai dawo shago ba, 'ya'yansa suka zo suka mai da shi Filato. Kujerar tana nan, har yau ni ke kanta, Madam ba ta ƙara yi mini zancen 'yar 'yar'uwarta ba. Ran Juma'a in zan tafi masallaci kwaɗo nake sa wa ƙofa, don babu mai riƙe mini.